Mutumin da ya ƙi sa mini hannu

Labarin ya same ni da rana tsaka, ina tsaye a layin abinci na ma'aikatarmu da faranti a hannu, a wannan ƙasa mai sanyi da na daɗe ina cewa baɗi zan bar ta. Lambar gida ce ta fito a salula. Da na ɗauka sai na ji muryar Bubakar, ƙanen tsohon malamina Mushe Agali (Mushe muke ce wa malamin boko a Nijar), daga Ibohamane. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Illa, Yaya ya rasu. Da sahe munka kai shi."

Na ce na Allah ne mu, gare shi kuma za mu koma, na ajiye farantin a teburin wasu mutane da ban sani ba. Bubakar ya ce ciwon ƙoda ne, ya daɗe yana cin sa, shi ne ya hana a faɗa wa kowa. Sannan ya zo kan abin da ya sa ya kira ni.

"Liman ya ce dut wanda Yaya ya ɓata ma rai, shi yahe mishi. Ni kau na san in lissahi za a yi, da kai za a hwara. Ka yahe?"

Sai na ji yana cewa alo, alo. Na ce masa ina ji, zan kira. Ban ba shi amsa ba a ranar. Wannan rubutu shi ne amsata, gare shi da duk wanda ya zauna zaman makoki.

Tun daga ranar nake karanta abin da abokan sana'a ke rubutawa a kan marigayin. Wani ya ce mutum ne mai haƙuri. Wata ta ce malami ne mai taushin hali. Ban san wa suke nufi ba. Mushe Agali ba shi da haƙuri, ba shi da taushi, kuma da zai ga waɗannan kalmomi da shi ne zai fara mayar wa masu su da tambaya a ƙasa: ina shaidarku? Waɗanda suka fi kowa zuba zuma yau su ne waɗanda suke kashe wasiƙunsa ba su karanta ba yana raye. Ni na karanta kowace ɗaya, domin akasarinsu ni ake sara a ciki. Saboda haka ku bar ni in faɗi mutumin da na sani.

Dole in ɗan bayyana aikinmu, don mutanen gida da za a karanta wa wannan. A cikin kowace kwamfuta da kowace salula akwai wani tsari da ke can ƙasa, shi ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurinsa. Mu da muka yi lakwal, makarantar boko, da Faransanci, nuwayo muke ce masa, wato ƙwayar abin. Wanda muke aiki a kansa ba na kamfani ɗaya ba ne, mutane ne daga ko'ina a duniya ke gyara shi a fili. Duk mai gyara sai ya aika da facinsa, wato gyaran da ya rubuta, zuwa zauren wasiƙu na intanet, kowa ya gani, kuma faci ba ya shiga sai wani masanin wurin ya duba ya sa hannu. Wurin da Mushe yake dubawa shi ne ma'ajiyar shafuka. Misalinta randa ce a ɗaki. Na'ura ba ta komawa rijiya, wato faifai ko katin ajiya, duk lokacin da take son kurɓi. Tana ɗebowa ta ajiye kusa. Haka ma in ka rubuta abu, ba nan take ake kai shi faifai ba. Yana ɗan zama a randar, sai an tara a kwashe. To in wuta, wadda a gida muke ce wa kuran, ta ɗauke kafin a kwashe, abin da ke ciki ya tafi. Rigimata da Mushe duk a kan wannan ɗan zama ne: nawa za a tara, yaushe za a kwashe, me za a fara kaiwa.

Na san shi tun kafin wannan. Ya koya mana lissafi a Madawa yana saurayi, kafin ya samu tafiya karatu waje. Ɗan makiyaya ne, ya tashi da Tamajak, harshen Buzaye, a bakin mahaifiyarsa da Hausa a kasuwa, ni kuwa ɗan manoma ne daga Tabotaki, kuma bai taɓa barin in manta ba. In ka yi kuskuren alama ɗaya a ƙasan shafi, ba ya gyara maka. Sai ya soke shafin duka, ya rubuta kalma ɗaya: sake. Wata rana na ce masa, "Mushe, ai amsar daidai take." Ya dube ni ya ce, "Jaki ma yana isa gida, ɗan Tabotaki. Ba ya dai iya gaya maka ta ina ya biyo." Aji ya fashe da dariya. Har na gama makarantar ana kirana da sunan dabbar nan. Yanzu ina da furfura, amma ban manta ba, kuma ba na jin ya kyauta.

Shekaru suka wuce. Shi ya yi aikinsa a ƙasashen Turawa, ya yi suna a zauren, sannan ya tattara ya koma Ibohamane, ya kafa farantan hasken rana a bayan gida, ya ci gaba da dubawa daga can. Ni kuma na fito a makare na bi sawunsa, na samu aiki a wani kamfani da ke ƙera ƙananan na'urori masu arha, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwannin ƙasashenmu. Takardar zamana a nan a jikin aikin nan take rataye. Aikin kuwa shi ne facin da zan yi magana a kai.

Abin da na gani shi ne katunan ajiya masu arha suna mutuwa da wuri, saboda ana yi musu rubutu kaɗan-kaɗan ba hutawa. Duk wanda ya zauna a gida ya san yadda mace ke kuka in katin salularta ya mutu da hotunan ɗanta da ke Libiya a ciki. Facina yana sa a ƙara tarawa kafin a kwashe, a kwashe kuma da yawa lokaci guda, kati ya huta, ya daɗe. Na gwada, na auna, na aika zaure ina murna. Na ce a raina, yau Mushe zai ga jakin ya san hanya.

Amsarsa a zaure layi biyu ce, da harshen Turawa, a bushe: ban yarda ba; me zai faru in wuta ta ɗauke bayan an rubuta girman fayil, kafin a rubuta abin da ke cikinsa? Amma wannan ta jama'a ce. Tawa ta biyo baya ta salula, saƙon murya, da Hausarmu ta Adar, ana jin kukan awaki a bayansa.

"Ɗan Tabotaki, na ga shirmenka. Kai da ka tashi gidan noma, ka taɓa ganin an bar hatsi masussuka don kar a gajiyar da ƙohwar rumbu? Ka zamna ƙasar da kuran ba ya tahiya, ka manta. Sake."

Haka muka yi shekaru. In gyara, in aika, ya soke. A zaure layi biyu masu ladabi, a salula zagi. Abokan aikina Turawa suna cewa, ai mutumin ƙasarku ne, ku yi magana mana, ya sassauta. Ba su san da a ce baƙo ne ni da ya fi sassauta mini ba. Na taɓa kiransa na ce, "Mushe, don Allah. Aikina ne. In abin nan bai shiga ba, ba su sabunta mini kwantaragi." Ya ce, "To ka dawo gida, gonar babanka tana nan. Ni ba kwantaraginka nika duba ba." Na kashe wayar. Muka yi damina guda ba mu gaisa ba, sai dai faci da amsa a zaure.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar gwajinsa. Kowa a sana'ar nan yana gwada ɗaukewar wuta. Ni ma na gwada, a ɗakin gwajin kamfani, da na'ura mai yanke wuta cak, sau ba adadi, kuma facina ya tsallake. Mushe ya ce wannan wasan yara ne. Yana da wata tsohuwar kwamfuta a zauren gidansa, da katin ajiya mafi arha da ake samu a kasuwar Keita, a jone da wani gajiyayyen batirin mota ba tare da wata kariya ba. Sai ya sa ta rubutu, ya kama waya da hannu yana ɗan taɓawa yana ɗagawa, wuta ta yi ƙasa, ta dawo, ta sake yin ƙasa, sannan ya fizge. Ya kunna, ya duba me ya saura. Yana cewa, "Kuran na Turawa mutuwar hwarat ɗaya yake. Namu sai ya yi ta shure-shure. Kuma kati mai arha maƙaryaci ne, cikin shure-shuren nan zai ce maka ya rubuta alhali bai rubuta ba." Na ce masa wannan ba kimiyya ba ce, ba wanda zai iya maimaita gwajin da ya dogara da rawar hannun tsoho. Ya ce, "Matar da ke da kati ɗaya tak tana maimaita shi kullum." Har yau ina nan kan bakana cewa gwajin nan bai da tsari. Amma sau da yawa ya turo mini hoton fayil da ya fito fanko daga na'urar nan, na bi, na tarar da ramin.

Ba kullum yake da gaskiya ba, kuma wannan ma sai an faɗa. Akwai lokacin da ya tare wani ƙaramin gyara na wata matashiya daga gabashin Afirka, ya yi mata irin maganar da yake mini, amma a fili. Gyaranta daidai ne. Daga baya wani ya aiko da irinsa ya shiga. Ita kuwa ta bar zauren, ba ta sake aiko da komai ba. Na faɗa masa ido da ido cewa ya kori yarinyar da ta fi mu duka basira. Sai ya canza magana zuwa farashin raƙuma. Ban san ko ya taɓa neman ta ba. Idan wannan rubutu ya isa gare ta, ina gaya mata cewa wasunmu sun gani, kuma ba mu ce ya yi daidai ba.

Sai dai ma'auninsa guda ne ga kowa. Wani babban kamfani ya taɓa turo faci da sunayen manya a jere a ƙasansa, kowa ya yi tsit. Mushe ya ba su layi biyun da yake ba ni, babu ƙarin ladabi ko harafi ɗaya. Kuma ranar da wani ya yi wa Turancina ba'a a zaure, tun ina sabo, shi ne ya fara amsawa: a nan faci muke dubawa, in kana da magana a kan facin ka faɗa, in babu ka ba mu wuri. Na ji daɗi na ɗan lokaci. A wasiƙa ta gaba shi da kansa ya yi wa facin nawa kaca-kaca. Ranar da na fara sauka ƙasar nan ma, kafin ya koma gida, shi ya tarye ni a tashar jirgin ƙasa da wata tsohuwar rigar sanyi a hannu. Bai ce sannu da zuwa ba. Ya miƙo ya ce, "Mummuna ce, za ta yi maka kyau." Rigar tana rataye a bayan ƙofata yanzu haka. Mummuna ce ƙwarai.

Kafin azumin da ya wuce na aika da sabon zubi. Na sake tsarin duka yadda ba za a taɓa rubuta girman fayil ba sai abin da ke cikinsa ya sauka, kuma na daina gaskata kati in ya ce ya gama. Na tabbata na amsa tambayarsa. Na zauna jiran layi biyu da saƙon murya. Shiru. Mako ya bi mako. Na ɗauka sabon salon wulaƙanci ne, na faɗa wa matata haka, na faɗi abin da ya fi haka. Ashe yana kwance.

Bayan rasuwar, mai riƙe da sashenmu, wani dattijo mai kirki da bai taɓa zuwa Afirka ba, ya rubuto mini. Ya ce ya karanta zubin ƙarshe, bai ga aibi ba, kuma yanzu babu sauran mai ja. In na ce masa matsalar da marigayi ya tayar ta warware, zai ɗauki facin a wannan zagaye na karɓar gyare-gyare. Shugabana a kamfani ya zo har teburina ya dafa kafaɗata, ya yi mini ta'aziyya, sannan a numfashi guda ya ce lokaci ya yi, har ya ba da shawara mu rubuta a saman facin cewa mun sadaukar da shi ga marigayi. Mutumin da ya ƙi abu yana raye, a ɗauki sunansa a manna a kai ƙasa ba ta bushe ba.

Na kira Hajiya Hadizatu, matarsa, don in yi mata gaisuwa. Bayan mun yi addu'a ta ce, "Illa, kai kam ka wahal da ni ban san ka ba sosai."

Na ce, "Ni kuma, Hajiya?"

"Kai mana. Tun da Malam ya kasa tashi, ni yake sa wa in riƙe wayar batirin nan. Taɓa, ɗaga, taɓa, hizge. Ya ce aikin ɗan Tabotaki ne. Hannuna har ya yi kanta. Ina tuƙin tuwo sai in ji, Hadizatu, zo ki kashe."

Na ce, "To me ya ce? A ƙarshe, me ya gani?"

"Zagi ya yi."

"Zagin me, Hajiya? Don abin ya lalace, ko don ya ƙi lalacewa?"

Ta ɗan yi dariya, irin ta mai kuka. "Kai da ka san shi. In abu ya ɓaci yana zagi, in ya gyaru yana zagi. Ni dai na ji ya ce, wanga jakin. Daga nan sai aka kai shi likita a Tawa, bai koma zauren ba." Ta ce na'urar tana nan yadda ya bar ta, ƴan'uwa suna tambaya ko a ba yaran makaranta.

Na ce ta roƙe su kar a taɓa ta.

Ga abin da ya yi mini na ƙarshe ke nan. Ya duba, ya gani, ya tafi da amsar. Kalma biyu ya bari, kuma ba zan taɓa sanin ko yabo ne ko suka ba, domin a bakinsa duka ɗaya ne.

Washegari na amsa wa mai riƙe da sashen, a fili, a zaure. Na ce mutumin ne ya rasu, tambayarsa tana nan. Ni ina ganin na amsa ta, amma ba ni ne zan yanke wa kaina hukunci ba, kuma ba a gama gwajin da ya fara ba. A jingine facin. Zagayen ya rufe ba tare da shi ba. Shugabana ya daina dafa kafaɗata, kuma an gaya mini cikin ladabi cewa za a duba maganar kwantaragi. Na san ma'anar wannan.

Kada wani ya ce na yi halin kirki. Haushi ne. Na kwashe ƙuruciyar da ta rage mini ina son in kayar da mutumin nan a kan gaskiya, ba zan karɓi nasarar da mutuwa ta miƙo mini ba. In facin ya shiga don ya mutu, to shi ya ci, har abada, kuma zan riƙa jin muryarsa da kukan awaki duk lokacin da aka yaba mini. Bayan an sha ruwan damina zan zo. Zan je Tabotaki in ga gonar da ya yi mini gori da ita, daga nan in wuce Ibohamane, in zauna a zaurensa, in kama wayar batirin nan da hannuna. In fayil ya fito fanko, zan rubuta wa kaina kalmar da ya saba rubuta mini. In ya fito cikakke, ba wanda zan gaya wa da zai ji zafin da nake so a ji.

Bubakar, ga amsarka. Zagin na yafe, na aji da na salula, duka. Ka gaya wa Liman. Shekarun da ya ci mini kuwa, da wannan shirun na ƙarshe, ina ƙoƙari. Allah ya ga zuciyata, ya san ina ƙoƙari, kuma ina roƙonsa ya ƙarasa mini kafin in iso, don in tsaya a kan kabarin ba tare da saura ba. Shi ma in akwai abin da na faɗa a kansa yana kwance ban sani ba, ina fata ya yafe kafin ya tafi.

Ya Allah, ga bawanka Agali ya zo gare ka. Bai taɓa sa hannu a kan abin da bai duba ba, bai taɓa sassauta wa mai ƙarfi don tsoro ba. Ka duba wannan. Harshensa kuwa ya yi wa bayinka rauni, ni shaida ne. Ka shafe masa da rahamarka, ka sanyaya zukatan waɗanda ya ƙona. Kada ka yi masa bincike irin wanda yake yi mana, domin ba mai tsallake wannan. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa can ta fi masa nan. Ka ba Hajiya Hadizatu haƙuri da lada, ita da ta yi jinyarsa ta kuma riƙe masa waya. Ka raya ƴaƴansa, ka ba su gaskiyarsa, ka ba su bakin mahaifiyarsu. Ka ƙarfafa Bubakar da ya zama babba a gidan. Mu kuma da ke warwatse a ƙasashen mutane, ka mai da mu gida da ƙafafunmu, ka sa mu cika da imani. Amin.